DARASI: INSHORAR KYAMARA DA SHIRIN NEMAN DIYYA IDAN AN YI SATA

Karatu: Ezra 8:21-34 da Fitowa 22:7-15

Manufa: A ƙarshen wannan darasi kowa ya san mece ce inshora, wace iri ce ta dace da kayan da ake yawo da su, da kuma takardun da ya kamata a tanada tun kafin ɓarawo ya zo.

GABATARWA

A 'yan shekarun nan kyamara ta shiga cikin kayan ikilisiya, ta kuma zama jarin sana'a ga 'ya'yanmu da dama. Akwai ikilisiyoyin da suka tara baiko na musamman suka sayi kyamara domin ɗaukar hotunan baftisma, ɗaurin aure, godiyar kaka da taron zumuntar mata. Akwai kuma matasan da suka koyi ɗaukar hoto, iyaye suka sayar da buhunan dawa ko ɗan bijimi, ko kuwa ƙungiyar adashi ta ba su rance, suka sayi kayan aiki. Da an gama girbi sai su nufi Kano cin rani da jakar kyamara a kafaɗa.

Idan aka sace irin wannan jaka, asara uku ce take faɗa wa gida ɗaya. Kayan sun tafi. Hotunan mutanen da suka riga suka biya kafin alƙalami sun tafi. Bashin kuwa yana nan, ba ya bin ɓarawo. Sau da yawa ta huɗu takan biyo baya, wato zargi tsakanin 'yan'uwa a kan wanda ya yi sakaci.

Hausawa suna cewa tun ran gini ran zane. Diyyar da mutum zai samu bayan sata, tun ranar da ya sayi kayan ake shirya ta. Ko da yake misalinmu kyamara ne, abin da za mu koya ya shafi lasifika, janareta, farantin sola, keken ɗinki da wayar hannu.

1. INDA AIKIN YAKE, NAN HAƊARIN YAKE

Cikin birnin Kano, wato unguwannin da badala ta kewaye, wuri ne da mai hoto yake samun aiki. Can ne Kasuwar Kurmi take, wadda ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Can ne marinar Ƙofar Mata, da Gidan Makama, da Dutsen Dala, inda baƙi suke neman wanda zai ɗauke su hoto. Ga bukukuwan aure da na suna a lunguna. Ga kuma hawan Sallah, musamman Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ta gidan sarki, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba 2024. A shekarun 2024 da 2025 'yan sanda sun dakatar da wasu daga cikin hawan saboda tsaro, amma duk lokacin da aka yi shi, masu hoto sukan cika wurin.

Duk waɗannan wurare na cunkoso ne. Mai hoto idonsa yana cikin kyamara, jakarsa tana bayansa, hankalinsa yana kan doki ko amarya. Mutanen birni masu karɓar baƙo ne, amma ɓarawo shi ma yana son taro. Ƙwacen waya ya yi ƙamari a Kano har a shekarar 2023 gwamnatin jiha ta bayyana cewa za a ɗauke shi a matsayin fashi da makami. Wanda zai fizge waya ba zai ƙyale kyamara ba.

Ban da sata akwai gobara. A watan Maris 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari, wajen badala. Duk wanda yake ajiye kayansa a shagon wani ya tuna da wannan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

2. MECE CE INSHORA?

Inshora yarjejeniya ce. Mutane da yawa da suke fuskantar haɗari iri ɗaya suna biyan ɗan kuɗi kowace shekara ga kamfani. Cikin shekarar kaɗan ne daga cikinsu asara za ta samu, sai kamfanin ya biya su daga abin da aka tara. Wanda bai yi asara ba, kuɗinsa ne ya ɗaga ɗan'uwansa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da suke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ba sa tafiya ɗaya ɗaya. Sukan haɗu a ayari ƙarƙashin madugu, su haɗa ƙarfi a kan 'yan fashi, su raba nauyin kuɗin hanya. A ƙauyukanmu muna da gayya, da gudummawar biki, da taimakon wanda rumbunsa ya ƙone. Bambancin shi ne, a inshora an rubuta tun farko abin da za a biya, da dalilin da za a biya, da dalilin da ba za a biya ba.

Ta bambanta da adashi. A adashi kowa zai kwashi nasa in juyinsa ya zo. A inshorar kaya, in shekara ta ƙare ba a yi maka sata ba, kuɗinka ba ya dawowa. Abin da ka saya shi ne alkawarin biya na wannan shekara. Mutane da yawa sun ɓata rai da inshora domin ba a bayyana musu wannan ba.

A Ingila irin wannan sana'a ta bunƙasa bayan babbar gobarar birnin Landan ta 1666. A Nijeriya kamfanin Royal Exchange Assurance ya buɗe reshe a Legas a 1921. Hukumar da take kula da kamfanonin inshora a ƙasarmu ita ce NAICOM, wadda aka kafa a 1997. An yi aiki da dokar inshora ta 2003 har zuwa watan Agusta 2025, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbinta. Akwai kuma tsarin takaful, wanda aka gina bisa ƙa'idodin Musulunci na taimakon juna. NAICOM ta fitar da ƙa'idodinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna karɓar kowa, Kirista ko Musulmi.

3. SHIN RASHIN BANGASKIYA NE?

Wasu dattawa sukan tambaya: in Allah ne mai tsaronmu, me ya kai mu ga kamfani? Tambaya ce mai kyau, bari mu duba ta daga karatunmu.

Ezra zai tashi daga Babila zuwa Urushalima da azurfa da zinariya da tasoshin Haikali. Ya ji kunyar roƙon sarki sojoji, gama ya riga ya shaida masa cewa Allah yana kiyaye masu nemansa. Saboda haka suka yi azumi da addu'a a bakin kogin Ahawa. Amma ku lura da abin da ya yi bayan addu'ar. Ya keɓe mutum goma sha biyu daga manyan firistoci, ya auna musu kayan, ya danƙa a hannunsu. Da suka isa Urushalima, a rana ta huɗu aka sāke aunawa, aka ƙidaya, aka rubuta nauyin kome. Mutumin da ya fi kowa dogara ga Allah a tafiyar shi ne ya fi kowa kula da lissafi.

Nehemiya kuwa ya karɓi rakiyar shugabannin soja da mahayan dawakai daga sarki (Nehemiya 2:9), da maƙiya suka taso kuma aka yi addu'a aka sa masu tsaro dare da rana (4:9). Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekaru bakwai na ƙoshi (Farawa 41). Ba a kira ko ɗayansu marar bangaskiya ba.

Ubangiji Yesu ya gargaɗe mu kada zuciyarmu ta manne wa dukiyar da ɓarawo yake iya ɗauka (Matiyu 6:19-21). Wannan gaskiya ce. Amma kyamarar da aka saya da baikon gwauraye, ko da rancen ƙungiyar mata, amana ce. Babu wanda za a tilasta wa yin inshorar kyamara. Rubuta kaya da kiyaye su kuwa wajibi ne a kan kowane mai riƙon amana.

4. WACE IRI CE TA DACE DA KYAMARA?

A nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Ba kowace inshorar sata ce take biyan kowace irin sata ba. Takardun a Turance ake rubuta su, saboda haka za mu faɗi sunayen yadda za ku gan su.

Ta farko ita ce inshorar fasa ɗaki, wadda ake rubutawa Burglary. Tana biya ne idan an shiga ginin da aka ambata a takarda da ƙarfi, kamar an ɓalle ƙofa, an karya kwado, ko an fasa bango. Ta dace da kayan da suke kwana a ɗakin ajiya na majami'a. Idan an zare kyamara daga jakarka a Kurmi, wannan takarda ba ta san da kai ba, domin ba a cikin ginin aka yi satar ba.

Ta biyu ita ce wadda ake rubutawa All Risks. An yi ta domin kaya masu daraja da ake yawo da su. Ana jera kowane abu da sunansa da lambarsa da kuɗinsa, kuma tana bin kayan duk inda aka kai su cikin iyakar da aka rubuta. Ita ce ta dace da mai hoto. Sai dai sunanta kada ya ruɗe ku, ita ma tana da abubuwan da ta cire.

Kafin ku biya ko sisi, ku sa a amsa muku waɗannan a rubuce:

(a) Tana biya idan da kyamarar ake sana'a? Takardar da aka yi domin kayan gida takan ƙi biyan kayan neman kuɗi.
(b) Ina ne iyakarta? Jihar Kano kaɗai, ko Nijeriya duka? In aiki ya kai mutum Maraɗi ko Damagaram fa?
(c) Idan an bar jaka a mota ko a Keke Napep ba kowa a ciki? Yawancin takardu suna cire wannan.
(d) Idan ɗan gida ne ko yaron shago ya ɗauka? Wannan ma akan cire, yana da irin tasa inshorar dabam.
(e) Idan lokacin tarzoma ne aka wawashe kayan? Galibi sai an ƙara kuɗi an rubuta shi musamman.
(f) Idan an ba wani aro ko haya?
(g) Kuɗin sabuwa za a biya, ko za a cire na tsufa?
(h) Nawa ne kason da mai kaya zai ɗauka da kansa a kowace asara? A takarda ana kiransa Excess.
(i) Cikin kwana nawa ne dole a sanar da kamfani?

Tambaya ta (f) ta shafi ikilisiya ƙwarai, gama kayanmu kullum suna hannun aro. Fitowa 22 ta nuna cewa tun zamanin Musa an bambanta tsakanin abin da aka ba da ajiya, da abin da aka ara, da abin da aka yi haya, kowanne da hukuncinsa. Ya kamata majalisar dattawa ta rubuta sunayen waɗanda aka yarda su riƙe kyamara, a kuma sanar da kamfanin.

5. LITTAFIN KAYA

Wannan shi ne zuciyar darasinmu. Kamfani ba ya biya domin hawaye ko domin shaidar fasto cewa kai mutumin kirki ne. Zai nemi shaidar abu uku: cewa kayan sun wanzu, cewa naka ne, da kuma kuɗinsu. Ku sami littafi mai bango mai ƙarfi, ku ja layi, ku rubuta wa kowane abu:

1. Sunansa da kamfanin da ya ƙera shi, kamar Canon, Nikon ko Sony, da samfurinsa.
2. Lambar jikinsa. A kyamara tana ƙarƙashi ko kusa da wurin batir. Gilashin gaba, wanda masu hoto suke kira lens, yana da tasa lambar dabam, haka ma filasha. A waya, in ka danna *#06# lambar IMEI za ta fito.
3. Ranar saye, shagon da aka saya, da kuɗin da aka biya.
4. Mai shi: ikilisiya, ƙungiya, ko mutum ɗaya.
5. Wata alama, kamar karce ko sunan da aka zana.

Kada a raina ƙananan kaya. Batir, caja, memori, jaka da ƙafar kafa kyamara, in an haɗa kuɗinsu yana da yawa, kuma abin da ba a jera a takarda ba, ba a biyansa.

Rasit ya zama yana ɗauke da sunan shago da adireshi da lambar jikin kayan. Rasit da yawa tawadarsu takan goge cikin 'yan watanni, don haka a yi hotonsa tun ranar. Yawancin 'ya'yanmu na hannu suke saye. In haka ne, a rubuta takardar ciniki, mai sayarwa ya sa hannu da lambar wayarsa, da shaidu biyu. In ta banki aka biya, a adana shaidar tura kuɗin. Wannan takarda tana da amfani na biyu: tana kāre ka idan daga baya aka ce kayan na sata ne. Wanda ya ƙi ba ka takarda, ka ƙi kayansa kome arharsu.

A ɗauki hoton kowane abu, da hoton lambarsa kusa kusa. Kyamarori da yawa suna ɓoye lambar jikinsu a cikin bayanin kowane hoton da suka ɗauka, saboda haka a ajiye 'yan hotuna na asali da ba a taɓa su ba.

Daga nan a yi kwafi uku: ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin mai riƙe kayan, ɗaya kuma a tura ta imel ko a wayar wani amintacce a wani gari. Kada a taɓa ajiye rasit a cikin jakar kyamara. Ɓarawo zai tafi da kayan da shaidarsu gaba ɗaya.

6. A FAƊI KUƊIN GASKIYA

Kyamara daga waje ake shigo da ita, kuɗinta yana bin dala. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya rubuta tsohon farashi bai gyara ba, abin da za a ba shi ba zai sayi rabin kayansa ba.

Wasu kuma da gangan suke rage kuɗin domin su biya kaɗan. Takardu da yawa suna da sharaɗin da ya ce, in ka yi inshorar rabin darajar kayanka, rabin asararka za a biya. Ga misali, domin lissafi kawai. A ce kayan sun kai naira 1,200,000, amma an rubuta 600,000. Aka sace wani ɓangare na naira 400,000. Tun da rabi aka rubuta, kamfani zai lissafa 200,000. In kason mai kaya 20,000 ne, abin da zai shigo hannu shi ne 180,000. Sauran 220,000 yana wuyan mai kaya.

Ƙara kuɗin fiye da kima shi ma ba ya da amfani. Ƙa'idar inshora ita ce a mayar da kai inda kake kafin asara, ba a ba ka riba. Abin yi shi ne a zagaya shaguna biyu ko uku kowace shekara kafin sabuntawa, a tambayi farashi, a gyara.

7. WURIN WA ZA A SAYA?

Takardun inshora na jabu suna nan, musamman a harkar motoci. A yi hulɗa da kamfanin da NAICOM ta ba lasisi, sunayensu suna shafinta na intanet. Ana iya bi ta hannun dillalin inshora mai rajista da ƙungiyarsu ta NCRIB. Dillali na gaskiya yana tsaya wa mai saye, yana kwatanta kamfanoni, yana kuma taimakawa ranar neman diyya.

A biya kuɗin ta banki cikin asusun kamfani, ba asusun wani mutum ba, a karɓi rasit da cikakkiyar takardar yarjejeniya. Tun 1 ga Janairu 2013 NAICOM ta tsaurara ƙa'idar nan cewa in ba a biya kuɗi ba, babu inshora. Alkawarin baki cewa “ka kawo kuɗin bayan kasuwa” ba ya kāre kowa. A rubuta ranar ƙarewar takardar a kalandar majami'a, domin satar da aka yi kwana ɗaya bayan ta ƙare ba a biyanta.

Lokacin cika fom a faɗi kome: inda kayan suke kwana, irin ƙofa da kwado, ko an taɓa yi maka sata. Abin da ka ɓoye yau, shi ne hujjar da za a ƙi biyanka gobe. In ba ka jin Turanci sosai, ka tafi da malamin makaranta ko sakataren ikilisiya ya karanta maka layi layi kafin ka sa hannu.

8. RANAR DA AKA YI SATA

Na ɗaya, rai ya fi kaya. In an zare maka wuƙa, ka saki jakar. Kada ka bi ɓarawo cikin lungun da ba ka sani ba. Kada kuma ka nuna wani ka yi ihun ɓarawo bisa zato, gama taro yana iya hallaka marar laifi, alhakin kuma ya hau kanka.

Na biyu, rubuta abin da ya faru tun kana tunawa: wuri, lokaci, yadda aka yi, da sunaye da lambobin wayar waɗanda suka gani. In cikin kasuwa ne, a sanar da shugabannin kasuwa. In cikin unguwa ne, a gaida mai unguwa a faɗa masa.

Na uku, je ofishin 'yan sandan da wurin yake ƙarƙashinsa a ranar, da kwafin littafin kaya. Ka tabbata an rubuta lambobin jikin kayan daidai, ka nemi takardar rahoto. Kamfani yana iya neman takardar rantsuwa ta kotu.

Na huɗu, sanar da kamfani ko dillali nan take ta waya, ka bi da wasiƙa ko imel, ka riƙe kwafi. Kada ka jira sai 'yan sanda sun gama bincike. Jinkirin sanarwa yana cikin manyan dalilan da ake ƙin biya.

Na biyar, in ɗaki aka fasa, kada a gyara ƙofa sai an ɗauki hoto, a kuma ajiye karyayyen kwadon. Kamfani yakan aiko mai kimanta asara ya duba ya yi tambayoyi. A ba shi haɗin kai.

Na shida, cika fom na neman diyya, haɗa da rasit, hotuna, rahoton 'yan sanda da takardar farashin sabon kaya daga shago. Duk abin da ka miƙa, a sa maka hannu a kwafinka da kwanan wata.

Na bakwai, in kamfani ya kawo tayin abin da zai biya, karanta kafin ka sa hannu a takardar sallama, gama sa hannunka yana nufin ka yarda magana ta ƙare. In ba ka gamsu ba, nemi lissafin a rubuce. In an ƙi biya ko ana ta jan ƙafa, ana kai ƙara sashen karɓar koke na NAICOM.

In an biya ka sa'an nan aka gano kayan, dole ka sanar da kamfani, domin yanzu yana da hakki a kansu. Ku sani kuma, inshorar kaya ba ta dawo da hotunan auren da suka tafi cikin memori. Maganin wannan shi ne a kwafe hotuna kowane dare a ajiye su dabam da jaka.

9. GASKIYA DOKIN ƘARFE

Jaraba takan zo bayan asara. Wani zai ce, “Ƙara lens ɗaya a jerin, ai kamfani yana da kuɗi.” Wani zai ce, “Faɗi cewa fizgewa aka yi, kada ka ce ka manta da ita a mota.” Wani zai kawo rasit na ƙarya. Ɗan'uwa, wannan sata ce, kuma kuɗin sauran masu biya ne kake ɗiba. In aka gano, kamfani yana da ikon ƙin biyan kome, har da abin da aka sace da gaske, maganar kuma tana iya kaiwa kotu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Hananiya da Safiratu ba a kan yawan kuɗi aka hukunta su ba, a kan ƙaryar lissafi ne (Ayyukan Manzanni 5). Bai kamata mai bi ya shiga ofis a matsayin wanda aka yi wa sata ya fito a matsayin ɓarawo ba.

10. IN BABU HALIN SAYEN INSHORA FA?

Ba kowa ne zai iya ba, wani lokaci kuma kayan ba su kai a sha wahalar ba. Ga abin da kowace ikilisiya za ta iya yi ba tare da kamfani ba. A buɗe littafin kaya, gama shi ne zai taimaki 'yan sanda, shi ne kuma zai sa a gane kayanka in sun ɓulla a kasuwa. A buɗe littafin aro, mai ɗauka ya sa hannu, mai karɓa ya sa hannu. A zana sunan ikilisiya a jikin kaya. Mai hoto ya riƙa tafiya da mataimaki a wurin taro, jaka a gaba, igiyar kyamara a wuya, ya bar abin da ba ya bukata a masauki.

Masu sana'a biyar ko goma suna iya kafa asusun taimakon juna, kowa ya zuba abu kaɗan a wata. A rubuta dokoki tun farko: wane kaya ya shiga, nawa ne iyakar abin da za a bayar, wace shaida za a kawo, su wa za su sa hannu a cire kuɗi. A ajiye kuɗin a banki. Iyakar irin wannan asusu ita ce, in gobara ɗaya ta ci kayan mutum biyar ba zai iya ɗauka ba. Shi ya sa wasu sukan haɗu su nemi takarda ɗaya ta ƙungiya daga kamfani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Ezra ya ƙi rakiyar soja, Nehemiya ya karɓa. Me wannan yake koya mana game da hukunta ɗan'uwan da ya yi inshora, ko wanda bai yi ba?
2. In an sace lasifikar majami'armu daren yau, wace shaida muke da ita cewa tamu ce?
3. Bisa ga Fitowa 22:14-15, wa ya kamata ya biya in kayan ikilisiya suka ɓata a hannun wanda ya ara? Mun taɓa rubuta doka a kan wannan?
4. Mene ne bambancin inshorar fasa ɗaki da wadda take bin kaya duk inda aka kai su?
5. Me za ka ce wa wanda ya ba ka shawarar ƙara abin da ba a sace ba?

AIKIN WANNAN WATA

Ma'aji, sakatare, wakiliyar zumuntar mata da wakilin matasa su zauna bayan sujada, su fito da kayan ikilisiya duka, su rubuta su da lambobinsu, su yi kwafi uku, su karanta jerin a gaban jama'a ranar Lahadi mai zuwa. Iyayen da 'ya'yansu suke aikin hoto a Kano su kira su a waya, su karɓi lambobin kayansu su rubuta a gida.

ADDU'A

Ya Ubangiji Allah mai tsaronmu, mun gode maka domin kayan aikin da ka sa a hannunmu. Ka kiyaye 'ya'yanmu da suke neman abinci a birni, ka ba su zaman lafiya da maƙwabtansu. Ka ta'azantar da waɗanda aka yi wa sata, ka juyo da zuciyar masu sata su tuba. Ka sa mu zama masu riƙon amana da faɗin gaskiya a ƙaramin abu da babba. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.